Babana da Jirgin Ruwan da Aka Zana a Sahara

Shekara goma sha huɗu ke nan cif da muka sallaci mahaifina, Malam Sale, muka kai shi makwancinsa a nan Madina. A duk tsawon shekarun nan, idan aka ambaci sunansa a taro, nakan ce Allah ya ji ƙansa, in yi sauri in sako wata maganar. Mutane sun ɗauka rashinsa ne bai sake ni ba. Ba haka ba ne. Kunya ce take sa ni kauce wa zancensa, domin har watan jiya na yi imani cewa mahaifina ɓarawo ne, kuma mahaifiyata ma da wannan imanin take kwana take tashi.

Umma, Hajiya Rakiya, ta kai tamanin, idanunta sun tafi, ƙafa ma sai a hankali. Bayan azumin bana ta yi wata jinya da ta tsorata mu. Da ta ɗan farfaɗo, wata rana bayan la'asar ta sa aka kira ni, ta kori jikoki daga ɗakin, ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Bashir, khalas, shi ke nan, na kusa tarar da babanku," ta ce. "Kafin in tafi ina so in sani. Fentin nan, ya sata ko bai sata ba?"

Shekara talatin da biyar ba a taɓa furta wannan kalma a gidanmu ba. Na buɗe baki in ce mata ta bar tone-tone, sai na ga yadda take jira, fuskarta a ɗage kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Na ce mata zan bincika. Na faɗa ne kawai don ta sake mini hannu, don ban san ko ta ina zan fara ba.

Sai na koma baya kaɗan, saboda mai karatun da bai san mu ba. An shigo da Baba ƙasar nan a goye, iyayensa sun taso daga ƙasar Kano suka biyo ta Sudan, suka yi aikin hajji, suka zauna. Ya girma a Madina, ya yi dako, ya yi leburanci, har Allah ya haɗa shi da wani kamfani da ke kula da wani ƙaramin filin jirgin sama a cikin sahara, yamma da nan, a kan hanyar bakin teku. Ba zan faɗi sunan wurin ba, kuma ko na faɗa ba a taswira yake ba. Asalinsa wani kamfanin gina hanya ne ya baje shi don ƙananan jiragensa, da aiki ya ƙare ya watsar. Daga baya sojojin ruwa suka karɓe shi, lokacin da suka fara koya wa samarinsu tuƙin jirgi mai saukar ungulu. Babban sansaninsu na bakin teku cunkushe yake da manyan jirage, ba a son ɗan koyo yana ta tangal-tangal a tsakaninsu, shi ya sa aka nemi wurin da zai yi kuskurensa ba tare da ya tare wa kowa hanya ba.

Filin ba wani abin kallo ba ne. Kwalta ce shimfiɗe, da ɗakin kwano biyu, da tankin ruwa, da wani jan ƙyalle mai kama da hannun riga a kan sanda, mai nuna inda iska ta nufa. 'Yan koyo kan taso daga bakin teku da safe, su yi ta sauka suna tashi, suna sauka suna tashi, har rana ta take, sannan su koma. Ba mai kwana a wurin sai 'yan kwana-kwana shida da mai dafa musu abinci. Baba ne shugaban shidan nan.

Abin da ya bambanta filin da sauran shi ne jirgin ruwan da ke tsakiyarsa. Da farin fenti aka zana shi a kan kwalta, daidai girman dandamalin bayan jirgin yaƙi inda ake sauke mai saukar ungulu, ba ƙari ba ragi, da da'ira a tsakiya. Dokar wurin ita ce, muddin ana atisaye, cikin layi jirgi ne, wajen layi teku ne. Hanya ɗaya ce tak ta shiga da fita, wata siririyar hanya da aka zana a ƙarshen gaba, suna ce mata gada. Duk ma'aikacin da ya tsallake layi ta wani wurin, to ya nutse. Za a busa masa usur, a sheƙa masa bokitin ruwa a gaban kowa, ya koma gefe ya zauna ana yi masa dariya. Abin ya yi kama da wasan yara, amma da dalilinsa. Ana so idon ɗan koyo ya saba ganin mutane suna motsi yadda za su motsa a jirgi na gaske, inda taku ɗaya da baya ke nufin mutuwa. Baba ya riƙe dokar nan ba sani ba sabo. Ya taɓa gaya mana cewa shekara tara ya yi ba a jiƙa shi ko sau ɗaya ba, kuma shi da kansa yake sabunta fentin duk lokacin da yashi ya cinye shi.

Mu yara ba labarin da muke so kamar wannan. In ya zo gida hutun ƙarshen mako, sai ya ɗauki gawayi ya zana mana jirgi a tsakar gida a unguwarmu ta Bani Harisa, ya tsaya da buta a hannu yana jiran wanda zai taka. Ni ne kullum nake fara nutsewa, don tun ina ƙarami ba ni da haƙurin bin zagaye. Umma kan zolaye shi cewa ita dai ba ta taɓa ganin sarkin teku irinsa ba, wanda bai iya iyo ba, bai taɓa hawa jirgin ruwa ba tun da aka sauke shi daga goyo, kuma ko bakin teku aka je ruwa ba ya wuce masa idon sawu. Shi kuwa sai ya yi dariya har da ƙyaƙyatawa. A lokacin Baba mutum ne mai dariya, kuma sai yanzu da nake rubutun nan na lura na manta da hakan.

Ina da shekara goma sha biyu ya dawo gida a tsakiyar mako, da jakarsa, tafin hannunsa na dama a naɗe da bandeji. Ya ce ya bar aiki. Bai ƙara komai ba. Da hannun ya warke, sai muka ga ya shigo da gwangwanayen farin fenti da burushi, ya shiga bin gidaje yana shafe wa mutane bango. Unguwa kuwa ta ɗauka. Wa ya taɓa barin aikin da ke da alaƙa da soja don kansa? Ga kuma farin fenti a zaurensa, ido na ganin ido. Kafin wata ya cika magana ta zauna daram cewa an kama Malam Sale yana sayar da fentin gwamnati, aka rufa masa asiri aka sallame shi. A makaranta sunana ya koma ɗan mai fenti, kuma kowa ya san ba sana'ar ake nufi ba. Na fasa wa yaro ɗaya baki a kan haka, aka zane ni, sunan kuma ya ƙara kama ni.

Sau ɗaya Umma ta tambaye shi. Bayan cin abincin rana ne, ina laɓe a bayan ƙofa. Ta ce masa mutane suna cewa kaza da kaza, gaskiya ne? Sai ya ce, "Rakiya, abin da na yi ya fi sata." Daga ranar Umma ta daina zuwa biki da suna. Ni kuma na haɗiye maganar ta zame mini dutse a ciki. Na girma na zama mai harhaɗa magunguna a wata saidaliyya, wato kantin magani, a unguwar Aƙiƙ, mutumin da abokan aiki ke tsokana saboda ko alƙalamin wurin aiki ba na yarda ya kwana a aljihuna. Suna cewa tsoron Allah ne. Ni na san gudun gadon hali nake yi. Shekara ashirin da ɗaya Baba ya rayu bayan nan, muna gaisawa, ina yi masa duk abin da ɗa ke yi wa uba, amma ban taɓa zama kusa da shi don daɗin zama ba. Ran da ya rasu mutane suka yi ta yaba dauriyata.

Bayan tambayar Umma na kwana biyu ina juya abin a raina, sai na tuna wani baƙo. A rana ta uku ta zaman makoki wani Balarabe ya zo, gefen fuskarsa da tabon ƙuna, yatsunsa a ƙanƙame, ya zauna a lungu yana kukan da ya fi na 'ya'yan mamacin. Da zai tafi ya ba ni katinsa, ni kuma na jefa a tsohuwar jakar Baba, a zatona wani ne da aka taɓa yi wa fenti. Na zazzage jakar, katin yana nan. Na buga lambar ba tare da na sa rai ba. Da na faɗi ko ni wane ne, sai ya ce shekara goma sha huɗu yake jiran wannan waya.

Abu Fahad ake kiransa, yana zaune a unguwar Al-Sih, nan cikin Madina. Ya zuba mini gahawa yana riƙe da butar da tsintsiyar hannayensa biyu, don yatsun ba sa kamawa. Ni dai ban iya kwana-kwana ba, ko kofin ban ajiye ba na tambaye shi ko ya san dalilin da ya sa aka kori mahaifina, kuma ko gaskiya ne ya saci fenti.

"Fenti?" ya ce. "Wane fenti?"

Ya fara dariya, da ya ga ban taya shi ba sai dariyar ta ɗauke. Na ba shi labarin abin da unguwa ta ce.

"Sata suka ce? Ku kuma kuka yarda, ya Bashir? Har uwarku?"

Ya ce shekara ashirin da ɗaya ya san Baba, bai taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba. Ya ce ba a kori mahaifina ba, takardar yabo ma aka rubuta masa ya ƙi zuwa ya karɓa. Sauran kuwa, in ji shi, baki ba zai iya ba, sai dai in zo da mota gobe da safe mu je in gani.

Tafiyar awa biyu ce da 'yan kai. An rufe filin da daɗewa, tun da aka samu na'urorin da ɗan koyo ke zama a ɗaki mai sanyi yana sauka a jirgin ruwa a kan allo. Shingen waya ya kwanta, ɗakunan kwano ba rufi, ko'ina kashin raƙuma da baƙin sawun tayoyi inda samari ke zuwa wasan mota. Na ɗauka ba za mu tarar da komai ba. Amma jirgin yana nan. Yashi ya rufe rabinsa, fentin ya koma ruwan ƙasa, sai dai an maimaita shi sau da yawa har ya yi tudu a kan kwalta, kana jin sa a ƙarƙashin takalmi. Na tsuguna na shafa. Na tuna hannun da ya shafa shi.

Abu Fahad ya kai ni gefen hagu na zanen, daga ciki, ya ce nan Baba da mutanensa biyar suke tsayawa da gorunan kashe wuta. Sannan ya nuna wani wuri a cikin yashi, a wajen layi, bai fi taku talatin daga inda muke ba. Ya ce nan ya faɗi. Ɗan koyon tuƙi ne a lokacin, yana da shekara ashirin da uku, saura masa makonni ya gama. Yana gab da sauka iska ta taso da ƙura, ya daina ganin da'irar, jirgin ya zame hagu, fiffikensa ya daki ƙasa, ya kife a gefensa. Malaminsa ya suma nan take. Shi kuwa yana rataye a ɗamararsa, idonsa biyu, gilashin gaba ya fashe, yana hango 'yan kwana-kwana sarai. A lokacin wuta ba ta kama ba tukuna, warin mai kawai yake ji.

"Na ga babanka ya ɗauki gora ya zabura," ya ce. "Na ce alhamdu lillahi, ga shi nan. Sai na ga bai nufo ni ba. Ya bi layi. Ya bi layi da gudu har can gaba, ya fita ta gada, sannan ya juyo. Su biyar ɗin nan suna bin sa a jere. Ina kallon su suna zagaye tekun da babu, wallahi ina kallon su, har wuta ta tashi a ƙarƙashin hannuna."

Na dubi yashin da ke tsakanin layin da wurin da ya nuna. Fili ne fetal, ko dutsen tuntuɓe babu. Mutum shida, manya, masu hankali, suka kasa taka shi, saboda shekara da shekaru an koya wa ƙafafunsu cewa ruwa ne, kuma mahaifina ne ya koya musu da usur da bokiti. Ba wanda ya yi shawara, ba wanda ya ce a bi ta can. Ƙafa ce ta tafi inda ta saba kafin kai ya farka.

Baba ne ya kutsa hannu cikin wutar ya tsinke ɗamarar ya jawo shi, a nan ya ƙona tafinsa. Sauran suka fitar da malamin, wanda wutar ba ta kai gefensa ba. Ba wanda ya mutu. Masu bincike da suka zo sun ga an ceci rai biyu, suka yaba. Ƙura ta hana na nesa ganin hanyar da aka bi, su biyar ɗin kuma ba wanda ya buɗe baki. Mutum biyu ne kawai abin ya tsaya wa a rai, wanda ya yi zagayen da wanda ya kalla.

Na yi abin da har yanzu ban san dalilinsa ba. Na ba Abu Fahad wayata ya danna mini agogo da guiwar yatsa, na tattare jallabiyata, na ruga kai tsaye daga layin zuwa wurin. Na dawo, na sake rugawa ta gada. Na san ni ba saurayi ba ne, kuma ba gora a kafaɗata, amma bambancin da wayar ta nuna sakan goma sha tara ne. Na zauna a kan kwalta ina haki, ina kallon lambar. Sakan goma sha tara ne suka raba wannan mutum da yatsunsa da aikin da ya ƙwallafa rai a kai, su ne kuma suka raba ni da ubana.

A hanyar dawowa ya ba ni sauran. Ya ce Baba ya same shi a asibiti ya ce masa, haƙƙinka ne ka faɗa, amma in za ka faɗa ka ce ni kaɗai ne. Mutanen nan biyar baƙi ne, iƙamarsu, wato takardar zamansu, a hannun kamfani take, in magana ta fito ranar za a sa su a jirgi da iyalansu. Abu Fahad bai faɗa ba, amma ya ce kada in ɗauke shi waliyyi, don bai yafe ba. Da aka sallame shi daga asibiti, ran Juma'a da safe sai ga Baba a ƙofarsa da reza da almakashi, ya ce ya san hannun ba zai iya aski ba. Abu Fahad ya kore shi. Juma'a ta gaba Baba ya dawo. Ya ce ya fi shekara biyu ba ya amsa masa sallama, yana dai miƙa masa haɓa ya aske, ya yanke masa farce, ya tafi ba wanda ya ce uffan. Bai san ranar da abin ya sake shi ba, ya dai wayi gari ya ga yana ajiye masa dabino. Haka suka yi har Juma'ar ƙarshe ta rayuwar Baba. Mu kuwa a gida mun san Baba da sammakon tafiya masallaci ran Juma'a, har nakan ce a raina mai laifi ne ke neman sahun gaba.

Tun da na dawo nake tambayar kaina abin da Baba zai ce da zamanin nan. Yau ɗan koyo zai faɗi sau goma a kan allo, ya tashi ya sha shayi, ya koma ya sake. Ina jin wannan zai faranta masa rai, ko da yake na san zai tambaya, su masu gorar fa, a ina ake koya musu ranar da za su karya doka? Da kuma a yau ne abin ya faru, kafin wutar ta mutu hoton mutum shida suna zagaye yashi ya gama wayoyin duniya, ana dariya, ana tsinuwa, ana sa masa kiɗa. Da ba a kira shi ɓarawo ba, da an kira shi wawa, mutanensa biyar kuma da sun kwana a ƙasashensu. Ban san wanne ya fi sauƙi ba. Abin da na sani shi ne ya samu zamanin da mutum ke iya ɓoye abu, ya ɓoye, kuma mu ne muka ɗauki nauyin ɓoyon tare da shi ba tare da an tambaye mu ba.

A nan ne har yau raina yake ɓaci, ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba. Na gane dalilin da ya hana shi gaya wa unguwa. Ban gane abin da ya hana shi gaya wa matarsa ba. Kalma uku, ban sata ba, da sun ishe ta. Ina zargin ya ga sunan ɓarawo ya zo masa a matsayin hukunci, ya ga ya cancanci hukunci ko da ba na laifinsa ba ne, sai ya miƙa wuya, ya manta cewa ba shi kaɗai ke amsa sunan ba. Wannan kuskure ne na biyu, kuma a wurina ya fi na farkon girma, don na farko ƙafa ce ta yi shi cikin ƙiftawar ido, na biyun kuwa da hankalinsa ya yi ta sabunta shi kowace safiya. Duk da haka, in na ɗora wannan a gefe guda, na ɗora Juma'o'in shekara ashirin da ɗaya a ɗaya gefen, da iyalai biyar da suka ci gaba da cin abinci, sai in rasa bakin magana. Mutumin da na raina ya fi ni ta kowace fuska da na iya aunawa, ni da ban taɓa yin kuskuren da ya kai nasa ba, ban kuma taɓa gyara wani abu kamar yadda ya gyara ba.

Su biyar ɗin duk sun bar ƙasar nan da daɗewa, Abu Fahad ya ce uku ma sun riga mu gidan gaskiya, kuma shi da kansa ya ba ni izinin in faɗa. Filin zai ƙarasa nutsewa a cikin yashi, ba wanda zai kafa masa allo. Abin da ya rage na Malam Sale a duniya bai da yawa. Akwai gidaje a Bani Harisa da har yau fentinsa ne a bangonsu, akwai wani dattijo a Al-Sih da ya ce tun bayan Baba bai yarda wani wanzami ya taɓa masa haɓa ba sai ɗansa na cikinsa, akwai kuma gaskiyar da ta iso gida a makare.

Da la'asar na shiga wurin Umma. Na yi niyyar in ba ta rabi, in ce bai sata ba, ya ceci mutum biyu daga wuta, in tsaya nan. Da na fara sai na kasa tsayawa, na ba ta duka, har zagayen, har askin Juma'a. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta tambaya ko yaron ya rayu, na ce ya rayu, har da jikoki. Ta gyaɗa kai. Ta sa hannu tana laluben carbinta, ta same shi, ta kuma ajiye.

"Shekara talatin da biyar," ta ce, "ba sallar da na idar ban roƙa masa gafarar sata ba. Ina ganin alheri nake yi masa."

Na ce mata ba laifinta ba ne, shi ya faɗi maganar da ta ruɗe mu. Kamar ba ta ji ni ba.

"Ka ce sakan nawa ya makara?"

"Goma sha tara, Umma."

"Goma sha tara, ya bi mutum da reza har ya mutu." Ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina. "Ni shekara ashirin da ɗaya ina kai masa ruwan alwala, ban sake tambayarsa ba. To ni wa zan bi, Bashir?"

Na riƙe hannunta muka zauna har aka kira magariba, sannan na tashi na kawo mata buta.